Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu makarantun kuɗi na Legas kan maganar fotal

Assalamu alaikum iyayenmu masu makarantu da shugabannin makarantu da malaman aji, musamman na wajejenmu nan Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago inda yaranmu suka fi yawa. Ina gaisuwa, ya ƙoƙari ya ɗawainiya da yara, Allah ya saka da alheri. Na san da yawanku ba Hausa kuke ji ba, amma da wuya a rasa malamin Arabiyya ɗan uwanmu a makaranta ko wani namu a kwamitin iyaye da malamai na PTA, to dan Allah duk wanda takardar nan ta shiga wayarsa ya daure ya fassara wa oga ko madam, kar ya rage komai. Da gangan na rubuta da Hausa, don iyayen da nake magana a kansu su ma a karanta musu su ji, in na faɗi abin da ba haka ba su gyara min.

Ni shagon caji da POS gare ni a Agege, kuma 'ya'yana uku suna makarantar kuɗi. Ba wani dogon boko na yi ba, sakandare na gama a gida kafin na taho Ikko, amma da yake ina ɗan karanta Turanci kuma kullum akwai wuta da data a shagona sai ya zamana duk ƙarshen zangon karatu shagon nan ya koma ofishin duba sakamako. Mahauta daga abatuwa ta Oko-Oba, 'yan gwari, direbobin tirela, masu shayi, masu gadi, kowa zai zo da 'yar takarda a linke ya ce Malam taimaka ka buɗe min fotal ɗin yaron nan. Fotal ɗin nan shi ne shafin intanet da makaranta ke saka makin yaro da aikin gida, sai da lambar shiga da kalmar sirri ake buɗe shi. Abin da na gani a bakin teburin nan shi ya sa na ce bari in yi magana.

Da farko kar wani ya ɗauka ina faɗa da fotal ne, a'a wallahi, ni ganau ne kan amfaninsa. Akwai zangon da na buɗe na 'yata ta biyu tun sati na biyar, na ga makin gwajin lissafi ya faɗi ƙasa warwas, na Turanci ma haka, alhali yarinya ce mai ƙoƙari. Da a da ne sai ƙarshen zango zan sani, lokacin da aikin gama ya gama. Washegari na rufe shago na je na samu malamar ajinsu muka zauna, ta ce ai ta lura yarinyar tana yawan kwafa daga littafin ta kusa da ita maimakon ta kalli allo. Ashe allon ne ba ta gani sosai, an mayar da ita kujerar baya ita kuma kunya ta hana ta faɗa. Muka je aka auna idon aka yanka mata gilashi, malamar ta dawo da ita gaba, shikenan maki ya dawo. To wanda abu ya yi wa irin wannan rana ba zai zo yana zaginsa ba. Kuma mun san duniyar can ta nufa, tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, sakamakon WAEC da NECO duk a intanet ake dubawa, ita kanta gwamnatin jiha ta raba wa malaman firamarenta ƙananan kwamfutocin hannu a shirin EKOEXCEL. Lokacin korona ma da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 duk mun ga yadda yaran da makarantunsu ke da hanyar tura darasi ta waya suka ci gaba, namu kuwa suna zaune sai ɗan abin da aka saka a rediyo. Ba wanda ke son a koma baya.

Damuwata ɗaya ce, fotal ɗin nan an yi shi ne don uba ya sa ido kan ɗansa, amma a gidajenmu abin ya juye, ɗan ne ke riƙe da makullin. Shi ya san lambar shiga, shi ya san kalmar sirri, shi ke jin Turancin da ke ciki, shi zai buɗe ya karanta ya fassara wa ubansa abin da ya ga dama. Wanda ake son a bincika shi ne ya zama tafinta.

Bari in ba ku misali da abin da ya faru a gabana. Wani bawan Allah maƙwabcina, dillalin albasa ne a Mile 12, mutumin da tun ƙarfe huɗu na asuba ya bar gida don ya tari motocin da suka kwana a hanya daga Sakkwato da Aliero, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Zango biyu cur ɗansa na JSS2 yana nuna masa hoton sakamako a waya, ga tambarin makaranta ga hoton yaron ga maki masu kyau, uban har ya saya masa takalmin ƙwallo don murna. A zango na uku aka aiko wai yaron zai maimaita aji. Ya zo shagona ransa a ɓace, ya cire hularsa ya zaro wata 'yar takarda da ta sha gumi har rubutun ya fara gogewa, ya ce Malam duba min, ina jin makarantar nan cuta ta za su yi. Muka yi ta fama kalmar sirrin ta ƙi shiga saboda yaron ya canza ta tuntuni, sai da muka kira wayar makaranta aka sake mana wata. Da shafin ya buɗe na ga abin da ke ciki sai na rasa ta inda zan fara, ga mutane tsaye suna jiran cire kuɗi, ga masu karɓar caji. Lissafi ja, Turanci ja, kwanakin da bai zo makaranta ba sun fi ashirin a zango ɗaya. Ashe hoton yake ɗauka ya gyara lambobin da wata manhaja kafin ya nuna. Na ja dattijon nan gefe bayan shago na faɗa masa a hankali. Bai yi faɗa ba bai ɗaga murya ba, ya daɗe shiru yana juya hular a hannu, sannan ya ce to su malaman me ya hana su kira ni. Na kira makarantar na tambaya, amsar da aka ba ni ita ce ai komai yana kan fotal tun watan farko.

Wannan amsar ce ta tsaya min a rai har yau. Eh gaskiya ne komai yana kan fotal, amma saka abu a fotal daban, sanar da uba daban. Yaron ya yi laifi babba kuma uban ma yana da nasa sakacin, ban wanke kowa ba, to amma makarantar da ta iya kiran lambarsa sau uku a sati ɗaya kan cikon kuɗin makaranta ta kasa kiransa sau ɗaya kan cewa ɗansa ya yi kwana ashirin ba ya aji? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, da an kira shi a sati na biyu da ba a kai ga asarar shekara guda ba, ga kuɗin zango uku da ya tafi a banza.

Kuma ina roƙonku ku daina kallon iyayen nan a matsayin jahilai, don na sha jin ana faɗa. Mutumin da nake ba ku labari yana riƙe lissafin buhu ɗari uku a kansa, ya san bashin kowane kwastoma har na kobo, ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta lissafinsa da ajami a littafi tsaf. Abin da bai iya ba shi ne Turancin da ke kan shafinku da ƙananan haruffan nan da gajerun kalmomi irin su CA1 da CA2 da sauran su, waɗanda ko ni sai da na tambaya aka ce min gwajin cikin zango ne da ake haɗawa da makin jarabawa a fitar da ɗari. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya yi mana bayani. Ranar da aka kawo fotal takarda kawai aka ba yara su kawo gida, ita ma da Turanci.

Sai maganar waya. Da yawan iyayenmu ƙaramar waya gare su mai madannai da tocila, wadda cajinta ke kwana uku, ita ta dace da aikin kasuwa. Gidan da ake da babbar waya guda ɗaya kuwa tana aljihun maigida, ta fita da asuba ta dawo da dare, in direban tirela ne da ya yi lodi a Apapa zai nufi Kano ko Maiduguri to wayar sai bayan sati ko fiye. Uwa ce ke gida, ita ke ganin yaro ya dawo, ita za ta ce ɗauko jakarka, amma lambarta ba ta cikin rajistar makaranta ko kaɗan, ba wanda ya tambaya. Ga kuma yaran da ke hannun kawu ko baffa ko yaya, iyayensu na can arewa. Fom ɗinku gurbin lamba ɗaya ne da adireshin imel, mutumin da bai taɓa buɗe imel ba sai a kafe aka ƙirƙira masa ranar rajista, ya manta shi tun kafin ya kai gida.

Aikin gida ma haka. Malami zai saka asaimen a fotal ƙarfe takwas ko tara na dare ya ce a kawo gobe da safe. A lokacin an ɗauke wuta, waya saura kashi biyar, netwok yana ta juyawa, wani lokacin kuma sai an buga takardar a firinta tukunna a cike. Na sha ganin yara mata 'yan shekara goma sha biyu sun zo shagona bayan isha'i da wayar babansu suna roƙon in saka musu caji na minti goma su kwafi tambayoyi, ni kuma hankalina ba ya kwanciya har sai na sa yarona ya raka su gida, kun dai san lungunanmu da dare. Wanda bai samu yi ba washegari a doke shi ko a rage masa maki a rubuta cewa malalaci ne. Me zai hana a rubuta aikin a allo kafin a tashi kamar yadda aka saba, fotal ɗin ya zama ƙari don iyaye su gani?

Kuma data ba kyauta ba ce. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Da yawan matasan iyayenmu acaɓa suke yi, tun da aka hana ta a ƙananan hukumomi 6 a watan Yunin 2022 sannan aka ƙara wasu 4 a watan Satumba, wasu har yau ba su tsaya da ƙafarsu ba. A haka suke matse ciki su biya kuɗin makaranta. To shafin da sai ya loda hotunan ginin makaranta da bidiyon ranar wasanni kafin ya nuna maka makin ɗanka, datar wa yake ci?

Abu na gaba shi ne wanda ya fi yi min ciwo. Mun biya kuɗin makaranta, a cikin takardar kuɗin akwai layin da aka rubuta kuɗin fotal ko na ICT, sannan a wasu makarantun in zango ya ƙare a ce sai ka sake sayen fin, wato lambar buɗe shafin, kafin ka ga sakamako, kuma fin ɗin in ka buɗe sau kaɗan ya mutu. WAEC da ke Yaba in ta sayar da katin duba sakamako mun san jarabawa ce ta sau ɗaya, amma makarantar da nake biya duk zango ta sayar min da ganin makin ɗana? Sannan ga rufe sakamako saboda bashi. Na fahimci ku ma kuna da albashin malamai da haya da man janareta, kuma akwai iyaye masu taurin bashi, ban musa ba. Amma na ga yarinyar da ta zo da murnarta, ta san ta yi ƙoƙari, ƙawayenta biyu na duba musu nasu suna tsalle, da na saka lambarta sai jan rubutu ya fito cewa an rufe sai an biya. Ta iya Turanci, ta karanta da kanta kafin in kife wayar. Ta juya ta tafi ba ta ce komai ba. Bashin tsakaninku da ubanta ne, ku kira shi ku zauna ku yi yarjejeniya ya dinga biya kaɗan-kaɗan, ita ba ta ci bashin kowa ba.

Akwai kuma maganar sirri da ban ga ana damuwa da ita ba. Saboda ina buɗe fotal na makarantu daban-daban na lura a wasu kalmar sirrin sunan mahaifin yaro ce kawai ko lambar shigarsa makaranta, wato in ka canza lamba ɗaya a ƙarshe sai ga ɗan wani ya fito, da hotonsa da ranar haihuwarsa da unguwarsu da lambar wayar babansa. Sau ɗaya na yi kuskuren danna lamba na tsinci kaina a shafin wata yarinya da ban sani ba, na rufe da sauri gabana yana faɗuwa, don na tuna tawa 'yar ma haka wani zai iya faɗawa kanta. A zamanin nan na 'yan damfara masu kira su ce ɗanka ya yi hatsari a makaranta turo kuɗi, wannan ba abin wasa ba ne. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane tun watan Yunin 2023, da hukumar NDPC da ke kula da ita, kuma dokar ta ce bayanan yaro sai da izinin iyayensa ko mai riƙonsa. Ku tambayi kamfanonin da suka haɗa muku fotal ɗin ina suke ajiye bayanan yaranmu, wa ke iya gani, in kun rabu da su ina bayanan za su tafi. Ni kaina kalmar sirrin gidaje da yawa tana hannuna, amana ce na riƙe, amma bai kamata a ce sirrin gidan mutum sai ya bi ta hannun mai shagon caji ba.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Ku karɓi lamba biyu, ta uba da ta uwa ko mai riƙo, kuma kalmar sirrin iyaye ta zama daban da ta yaro, a ba uba hannu da hannu kar a aiko ta cikin jakar ɗalibi. In yaro ya yi kwana biyu bai zo ba a tura saƙon tes na waya wanda ƙaramar waya ma ke karɓa, in ya kai uku a kira. Mutanenmu mutanen saƙon murya ne, duk cinikin tumatir da shanu tsakanin Legas da arewa da saƙon murya na WhatsApp ake yin sa, to malamin Arabiyya ko wani amintacce a PTA ya ɗauki minti ɗaya ya faɗa da Hausa cewa gwaji ya fito, ga ranar taro, ga abin da ake buƙata, ku ɗan ƙara masa wani abu a albashi kan wannan aikin. Gwamnatin Legas da ta yi doka a 2018 don a raya Yarabanci a makarantu ta san darajar a yi wa mutum magana da harshen da yake ji, kuma na tabbata iyaye Yarabawa 'yan kasuwa da yawa suna fama da irin namu, in kun yi da Hausa ku yi da Yarabanci da Turancin buroka ma.

Sannan dan Allah kar ku kashe rifot kad na takarda. Wannan takardar da malamin aji ke rubuta ra'ayinsa da biro, shugaban makaranta ya sa hannu ya buga hatimi, uba ya zo da kansa ya karɓa, ita ce ke haɗa mu ido da ido sau uku a shekara. Ko bai iya karatu ba yana gane jan biro, yana kallon fuskar malami ya gane ko akwai matsala, yana iya cewa Malam ya halinsa, da wa yake yawo, yana sallah a makaranta kuwa. Tun da aka ce a duba a intanet akwai iyayen da shekara biyu ba su taka ƙofar makaranta ba, ba su san fuskar malamin ɗansu ba. Ku sa ranar karɓa Asabar da yamma ko Lahadi, don ranar aiki da safe ɗan kasuwa ba zai bar kayan gwari suna ruɓewa ya shiga gosulo ba.

Ina kuma kira ga shugabannin ƙungiyoyin masu makarantun kuɗi, wato NAPPS da AFED na Legas, da ofishin kula da ingancin ilimi na jiha mai ba makarantun kuɗi izini, su duba maganar nan. Ƙidayar da aka yi tun 2010 zuwa 2011 ta samu makarantun kuɗi sama da 12,000 a jihar nan, kun ga ba zai yiwu mu bi su ɗaya bayan ɗaya muna roƙo ba, amma in ƙungiya ta fitar da ƙa'ida guda cewa ba a sayar wa iyaye fin bayan sun biya kuɗin fotal, ba a rufe wa yaro sakamako a gaban idonsa, kuma dole a kira iyaye kan fashin makaranta, to za ta isa ko'ina.

Mu ma iyaye akwai namu, kuma ina faɗa wa 'yan uwana a masallaci da majalisa, ba a biyan kuɗin makaranta a juya baya kamar an ba tela ɗinki, ka je ka ga malami ko ba a kira ka ba. Mun yi magana da wasu dattawan unguwa da limaminmu, a shirye muke mu ba da wuri a harabar masallaci wata Lahadi bayan la'asar, mu tara iyaye maza, a ware wa mata nasu lokacin da malama mace. Ku turo mana wanda ya san fotal ɗinku da kwamfutarsa, mu za mu kawo tafinta da tabarmi da janareta, a nuna wa kowa yadda zai shiga da wayarsa, a canza masa kalmar sirri a gabansa, a rubuta lambar uwar gida a rajista. Duk makarantar da ta amince ta faɗa wa wakilinmu na PTA, shi ya san inda zai same ni, zan rufe shago ranar in zo in yi tafintan da kaina.

Wassalam, naku,
wani uba mai shagon caji da POS a Agege, Legas.